Avokar Tobashiyata

Akuyata ce ta fara ɓarnar, amma ba zan ɗora mata duka ba. Ita ci kawai ta yi. Ni ce na yi ƙarya, kuma ƙaryar ta shekara huɗu tsaye a tsakar gidan mutane tana fid da ganye.

Ina da tobashiya, ɗiyar kawuna, danga ɗaya ce tsakanin gidana da nata a Dakoro. Ita ɗiyar namiji ce, ni ɗiyar mace, saboda haka tun muna tallan ƙuli-ƙuli take ce mini baiwarta, ni kuma in ce mata uwar kwaɗayi. Ranar da ba a ji mun zagi juna ba, maƙwabta kan leƙo su tambaya wa ya kwanta. Ɗanta direban babbar mota ne. Wata shekara ya kawo mata avoka uku daga kudu, ta ci, ta lashe cokali, ta yi sati tana ba mutane labarin ɗan icce mai man shanu a ciki. Da ya sake dawowa sai ya zo mata da dashen a baƙar leda, ganye shida. Ta dasa a tsakar gida ta kewaye da ƙaya. Ba a yi wata ba ɗiyarta ta haihu a Adjekoria, ta tafi zaman jego, ta bar mini amana: ruwa safe da yamma, kuma in sa ido.

Na sa ido kwana tara. Rana ta goma na tafi suna, na dawo na iske akuyata cikin ƙayar tana tauna ganyen ƙarshe, tana kallona kamar ni ce na shigo ba sallama.

Duk unguwarmu an san ni da faɗin gaskiya ko ta yi ɗaci. Amma wannan ta ƙi fitowa. Na hau mota zuwa Maradi, na je wurin masu sayar da dashe na ce a ba ni avoka. Babu. Na ce to a ba ni abin da ya yi kama da ita. Mai dashen ya miƙo mini wani mai faɗin ganye, ya ce iccen inuwa ne, badamiye sunansa, kuma ba a san shi ba a wajenmu. Ganyensa takwas, na tsinke biyu, na dasa a ramin. Da tobashiyata ta dawo bayan arba'in ta tsaya ta dube shi ta ce, "Ashe dai kina da hannu, baiwa. Dubi yadda ganyen ya buɗe." Ɗan nata ma da ya zo ya kalla ya ce shi ne. Namiji da ganye, ina ya sani.

Wanda bai san Dakoro ba ba zai gane nauyin abin ba. Ruwanmu can ƙasa yake. Rijiyar unguwarmu gaba arba'in ce da ɗoriya, sai an ɗaura wa shanu igiya sun yi tafiya har su ƙanƙance a ido kafin guga ta fito. Daga wannan ruwan matar nan take ware wa iccen bido ɗaya, wato jarka guda, kullum, rani da bazara. Ruwan alwalarta a gindinsa, ruwan wankin gero a gindinsa. In ta yi baƙi nan take shimfiɗa musu tabarma ta ce su yi haƙuri, bana dai bai yi ba, baɗi za su ci abin da ba su taɓa ci ba. Ni ina zaune a gefe ina cewa Allah ya nuna mana.

A shekara ta huɗu wani furoje da ke taimakon gurupumarmu, ƙungiyar mata masu lambu, ya ce zai kai mu takwas ƙasar Benin mu ga yadda ake lambu a bakin teku. An zaɓe ni don ni ce mai rubutu. Na shiga karatun manya ina da jikoki biyu, na fito ina karanta Hausa ras, Faransanci kuma baƙi baƙi, kamar mai tsince tsakuwa cikin wake. An zaɓi tobashiyata don, in ji mata, ita ce ta ƙware a itatuwan kudu. Ranar da aka kira sunanta na san asirina na iya tonuwa.

Da mu akwai madam ta furoje, yarinya mai haƙuri, ita ke mana tafinta. Kwana biyu muka yi a kar, babbar motar fasinja. Masaukinmu yana bayan Kwatano, kusa da yashin teku, kuma muna sauka abin da na fara gani shi ne badamiye, layi guda, manya manya, har bakin ruwa.

"Baiwa, zo ki gani," in ji tobashiyata. Ta ajiye kaya a ƙasa ta dafa ƙirji. "Avoka. Tun daga nan har can. Kuma ko ƙaya ba su sa ba."

"Masu arziki ne," na ce.

Ta duƙa ta tsinci ɗa ɗaya cikin yashi, ɗan ƙarami mai fuska biyu kamar goro, ta goge a zane ta gatsa. Ta jima tana tauna.

"Ba haka wanda na ci yake ba."

"Bai nuna ba. Iskar teku ke kakkaɓe su tun suna jarirai."

"Asara," ta ce, ta tofar. Ta cika bakin gyale da su duk da haka, wai za ta nannaɗe cikin tsumma su nuna.

Kwana uku muna yawon lambuna. Na ga abin da na gani. Abarba ashe a ƙasa take zaune kamar kaza kan ƙwai, ni da na ɗauka sai an hau sama. Masoro yana hawa jikin wani iccen kamar wake. Akwai ganyen da mutum biyu za su yi sallah a kai. Abin da ya fi ci mana rai shi ne ciyawa: kore shar, har ƙugu, wani mutum yana sara yana tarawa yana zubarwa a rami. Wata ƴar Korahane da ke cikinmu ta tsaya a bakin ramin kamar a maƙabarta, ta ce da tumakinta za su ga wannan da sun bar ta sun yi hijira.

Rana ta huɗu aka ce ta shan iska ce. Da safe wani babban lambu inda kowane icce yake da allon sunansa a gindi, da hantsi kuma jirgin ruwa. Ni allunan nan suka tsorata ni fiye da jirgin. Ba mu yi nisa ba muka zo kan badamiye, da allonsa fari tas.

"Ke mai boko," in ji tobashiyata, "karanta mini in ji yadda ake rubuta nawa."

Na sa yatsa ƙarƙashin baƙaƙen. Ba. Da. Mi. Na buɗe baki na ce, "A. Vo. Ka."

"Duk wannan jerin don avoka kaɗai?"

"Faransanci ne. Rabin baƙaƙensu ba a faɗi, ado ne."

Ta gyaɗa kai ta shafa jikin iccen. Cikin duk abin da na yi, wannan ne har yau nake jin kunyarsa in na tuna. Na zauna kan tabarma da allo ina da furfura don kada wani ya sake riƙe takarda a gabana ya faɗa mini abin da ba ta ce ba. Ga shi ni na yi wa wata, kuma ɗiyar kawuna.

Kunyar ba ta hana ni ci gaba ba. Can gaba na hango iccen avoka na gaske, ƴaƴan suna reto kore kore kamar an rataye ƴan tuluna. Ganyensa ko kusa da na gidanmu bai yi ba, kuma tobashiyata ta san ɗan iccen, ta ci shi da cokali. Mai zagayawa da mu ya nufi wurin kai tsaye. Allah ya taimake ni, ko Shaiɗan, ban sani ba: a ɗaya gefen hanyar ga tiyo yashe a ƙasa, ruwa na kwarara cikin kwata ba kowa a kai. Na yi tsalle na damƙe bakin tiyon na lanƙwashe.

"Madam, tambaye shi wa ya bar wannan. Tambaye shi ko uwarsa ta taɓa jan guga."

"Inna, ba zan faɗa masa haka ba."

"To faɗa masa rabi."

Mutumin ya yi murmushi ya ce ruwa ya yi musu yawa ne, kwatar ma don a kore shi aka gina. Da madam ta juya mana wannan magana sai matan bakwai suka taso gaba ɗaya, tobashiyata a gaba. Aka kewaye bawan Allah, kowa na ba shi labarin rijiyar garinsu. Ni da na fara don dabara, kafin a gama na fi kowa fushi na gaskiya. Haka muka wuce avoka mun ba ta baya, muna tafe muna wa'azi.

Jirgin na katako ne mai inji da rumfar tamfol. Aka sa mana wasu riguna masu soso launin lemo, muka zauna jere kamar kabewa a kasuwa. An ce za a bi da mu ta wani faffaɗan ruwa har inda yake haɗuwa da teku, mu ga namun wurin. Tun kafin a tashi muka yi lissafinmu na Dakoro. Rijiyar da bakinta gaba ɗaya ne, zurfinta arba'in. To ruwan da ba a ganin ƙarshen bakinsa fa? Na sa madam ta tambayi mai jirgin gaba nawa ne. Ya yi dariya ya ce ya danganta da lokaci. Ba wadda ta ji daɗin amsar. Ruwan da mai shi ma bai san zurfinsa ba.

Amma da muka shiga sai kallo ya ɗauke mu. Itatuwan wurin a cikin ruwan gishiri suke tsaye, kowanne da ƙafafu ashirin a waje, kamar mata sun tattare zane za su ƙetare kwata. A taɓon gefe ga ƙaguwa dubu, kowace hannu ɗaya ƙato ɗaya ƙarami, suna ɗaga ƙaton sama suna saukewa. Tobashiyata ta ce ƴan siyasa ne. Ga wani kifi mai ido a ka yana fita daga ruwa yana jan ciki kan taɓo, har ya hau saiwa ya zauna.

"Kin gani ko, baiwa," ta ce. "Kifin ma ya san abin da ke ƙasa. Mu ne wawaye."

Birai uku suka bi mu ta sama suna leƙen jakunkuna. Ina ta rubutu a kaye, littafina na tafiya. Sai muka fito fili, ruwa ta ko'ina, kuma can tsakiya ga zalɓe tsaye cak, ba iyo yake ba, tsaye yake. Ƴar Korahane ta dube shi ta ce a hankali, in har ƙafar tsuntsun nan ta kai ƙasa, to ba tsuntsu ba ne. Muka nemi tsari muka kau da kai.

Ba a jima ba jirgin ya yi wani gurnani daga ƙasa, ya girgiza, ya karkata gefe. Injin ya yi tari biyu ya mutu. Ruwa ya ɗan fantsamo kan ƙafafunmu. Mai jirgin ya faɗi wata magana da yarensu, ya miƙe ya fara tuɓe riga. Madam tana can gaba tana cewa wani abu, amma salati ya rufe muryarta.

A wajenmu ba a tafiya lahira da hakkin mutum a wuya in da halin saukewa. Mata suka shiga neman gafarar juna, wannan ta kamo wannan. Tobashiyata ta damƙe hannuna, idonta a rufe gam.

"Baiwa, ki yafe mini duk zagin da na yi miki."

"Na yafe. Ke ma ki yafe mini."

"Na yafe miki duniya da lahira."

Da ina da wayo da nan na tsaya. An ba ni a dunƙule, ba a tambaye ni ba. Amma na ga gaba ɗari a ƙarƙashina, na ce ba za a karɓi yafiyar da mai ita ba ta san abin da ta yafe ba.

"Iccenki ba avoka ba ne."

Ta buɗe ido ɗaya.

"Akuyata ta cinye na gaske tun kina Adjekoria. Wannan daga Maradi na sawo shi. Iccen inuwa ne. Ƴaƴan da ke gyalenki sun nuna, iyakarsu ke nan. Allon ma ba avoka aka rubuta ba."

"Tiyon fa?"

"Avoka tana bayanki lokacin."

Ta buɗe ɗaya idon. Daidai nan wata tsohuwa ta zo wucewa ta gefen jirgin. Da ƙafa. Da kwano a ka cike da kawa, ƙumbar ruwa da suke ci, zanenta a tattare, ruwan bai kai mata gwiwa sosai ba. Ta gaishe mu da yarensu ta wuce abinta. Mai jirgin ya dira, ruwa iya ƙwauri. Sai yanzu muka ji abin da madam take ta faɗi tun ɗazu: ruwa ne ya janye kamar yadda yake yi kullum, jirgin ya hau yashi, ana roƙon mutum huɗu su sauka a tura.

Tobashiyata ce ta fara sauka. Ta cire takalma ta riƙe a hannu, ta tsaya cikin ruwan da rigar sosonta, ta kwance bakin gyale ta zazzage ƴaƴan badamiye suka bi ruwa.

"Sauko," ta ce.

Na sauko.

"Maido mini yafiyata."

"An ba da an ba da. Duniya da lahira kika ce, ga shaidu shida."

"Ta mai mutuwa na ba ki. Na mutu?"

"Niyya ake dubawa."

"Niyyata gaba ɗari ce. Wannan ruwan ko jaki ba zai jiƙa ciki ba."

Ƴar Korahane ta sa baki ta ce ita ma tana son a duba mata, don ta yafe wa wata maganar tunkiya kuma yanzu ta ga ta yi gaggawa. Aka yi ta musu muna tura jirgi, ƙaguwa na ɗaga mana hannu. Har muka kai bakin teku muka ga inda ruwan biyu suke dukan juna, da wani kunkuru da ya kai faifai uku ya leƙo ya koma, ba a yanke hukunci ba. Mata suna ta dariya. Ni ma na yi, don na ɗauka abin zai tsaya a wasa.

Bai tsaya ba. Da muka koma masauki tobashiyata ta zauna ita kaɗai ta juya wa layin badamiye baya. Washegari a kar ta zo wucewa ta kujerata ta ce, "Sannu Malama, an tashi lafiya?" Shekara hamsin da wani abu ba ta taɓa gaishe ni da ladabi ba. Na tsokane ta a Dosso, na ce uwar kwaɗayi ga tsire, ta ce ta gode, Allah ya saka. Na ƙara a Konni, ta ce in yi haƙuri kanta ke ciwo. Kwana biyu ina zaune ina tuna bido bido na ruwan nan, da ranakun bazara da na san ta rage na wanka don icce ya sha. Ban ga abin dariya a ciki ba ko kaɗan.

Mun kwana uku a gida danga shiru. Maƙwabta suka fara leƙe. Rana ta huɗu ta aiko jikanyarta wai in zo bayan la'asar, in taho da kayen tafiya. Na iske matan gurupuma cike da tsakar gidan, a ƙarƙashin iccen, an zo jin labarin teku.

"Malama za ta karanta muku," in ji ta. "Amma ta fara da abin da ba ta rubuta ba. A tsaye."

Na faɗa a tsaye, tun daga akuya har tiyo. Ni da nake tsayar da mutane su amsa laifi, ranar ni aka tsayar. Wasu suka rufe baki da gyale, wata ta kasa ta fita zaure ta yi dariyarta ta dawo. Wata dattijuwa ta ce to yanzu sai a kawo gatari, icce maƙaryaci ba ya zama gidan mutunci.

Tobashiyata ta ɗaga kai ta dubi rassan. Sun yi faɗi hawa hawa, mu goma sha biyar duk muna cikin inuwa.

"Shi mi ya yi?" ta ce. "Bai taɓa ce mini shi avoka ne ba. An musanya mini ɗa a zanen goyo, na shayar da shi shekara huɗu, yanzu in sare? Ba mai taɓa shi. Akuyar ma na yafe mata, dabba ce, kuma ita ta ci avokar da aka dasa a gidan nan, ta fi mu duka."

"Ni fa?" na ce.

Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke na yafe miki iya gwiwa, daidai ruwan da kika tuba a ciki. Sauran sai na ga hali. Gobe da safe bidon iccen nan a kanki zai shigo, ba a kan jakina ba. Zauna, munafukar baiwa, kin tsaya mana a ka kamar zalɓe. Karanta musu kifin nan mai hawa icce, kuma ki karanta abin da ke rubuce."

Na zauna na buɗe kaye. Shafin ya jiƙe ya bushe, rubutun ya yi zane-zane, amma ana gani. Na karanta musu kifin, ba su yarda ba, sai da ita ta rantse.